YARON DA YA YI GUDAWA MAI JINI, A SA IDO KAN FITSARINSA

Jama'a, a wannan wata za mu yi bayani kan wata cuta da ke farawa a cikin ciki ta ƙare a ƙoda. Ta fi yi wa ƙananan yara illa, musamman waɗanda ba su kai shekara 5 ba.

Ga yadda takan zo. Yaro yana wasansa lafiya lau. Ran nan sai cikinsa ya fara murɗawa, yana kuka yana riƙe cibiya. Sai gudawa ta ɓalle masa kamar ruwa. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai a ga jini a cikin kashinsa. Hankalin uwa ya tashi. A jiƙa wannan, a sayo wancan. Bayan kamar mako guda sai gudawar ta lafa. Kowa a gidan ya ce an gode Allah, yaro ya sami sauƙi.

Amma yaro bai koma wasa ba. Yana kwance, ba ƙarfi. Tafin hannunsa ya yi fari. Fuskarsa ta fara kumbura. Can sai uwa ta tuna cewa tun jiya bai yi fitsari ba.

To, a nan haɗarin yake. Yawancin yaran da suka yi wannan gudawa sukan warke sarai cikin mako guda zuwa kwana 10. Amma akwai kaɗan daga cikinsu da cutar kan taɓa musu ƙoda. Kuma takan taɓa ta ne daidai lokacin da iyaye suka saki jiki. Shi ya sa ya kamata kowane uba da kowace uwa su san alamunta.

WACE ƘWAYAR CUTA CE?

A cikin hanjin kowane mutum da kowace dabba akwai ƙwayoyin halitta ƙanana masu yawan gaske. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Ɗaya daga cikinsu sunanta I-kolai. A takardar asibiti ana rubuta sunan haka: E. coli. Wani likitan yara Bajamushe mai suna Theodor Escherich shi ya gano ta a shekarar 1885.

Yawancin dangin I-kolai ba su da wata illa. Suna zaune a cikinmu lafiya tun muna jarirai. Amma kamar yadda ake samun bara-gurbi a cikin ƙwai, haka a danginsu akwai miyagu. Waɗannan miyagun suna fitar da dafi. Wadda ta fi suna a cikinsu an ba ta lamba O157. A shekarar 1982 aka fara gane cewa tana sa mutane ciwo, lokacin da wasu mutane a Amurka suka yi gudawa mai jini bayan sun ci naman shanu da bai gasu ba.

Dafin da take fitarwa ana ce masa dafin Shiga. Wannan Shiga ba ta shiga da fita ba ce. Sunan wani likita ne ɗan ƙasar Japan, Kiyoshi Shiga. Shi ya gano ƙwayar da ke kawo atuni mai tsanani a shekarar 1897. Ita wannan ƙwaya ta atuni ana kiranta Shigela, kuma akwai nau'inta ɗaya da ke fitar da irin wannan dafi. Ke nan ƙwayoyi biyu ne, amma dafinsu iri ɗaya. Duka biyun suna kawo gudawa mai jini, kuma duka biyun suna iya taɓa ƙodar yaro.

Bambancinsu shi ne, Shigela daga mutum take zuwa ga mutum. Ita kuwa muguwar I-kolai gidanta hanjin shanu ne. Ana samunta kuma a tumaki da awaki. Abin lura a nan shi ne ba ta sa saniya ciwo. Za ka ga saniya ƙosasshiya, tana kiwo, tana ba da nono, alhali ƙwayar tana fita a cikin kashinta. Don haka ba a gane dabbar da ke ɗauke da ita da ido.

Wani abu kuma, ba sai ƙwayoyin sun yi yawa suke kayar da mutum ba. Ƙasa da guda 100 sun isa. Ɗan abin da zai maƙale a ƙarƙashin farce ya fi haka yawa nesa ba kusa ba.

YADDA DAFIN YAKE KAIWA GA ƘODA

Idan yaro ya haɗiyi ƙwayar ba ya jin komai nan take. Sai bayan kamar kwana 3 ko 4, wani lokaci har mako guda. Shi ya sa da wuya iyaye su tuna abin da ya ci da ya jawo masa ciwon.

Ƙwayar takan manne a jikin hanji ta hayayyafa. Dafinta yakan ji wa hanjin ciwo, shi ne jinin da ake gani a kashi. Sau da yawa I-kolai ba ta sa zazzaɓi mai zafi. Atunin Shigela kuwa yakan zo da zazzaɓi da majina da yawan yunƙuri.

Daga hanji dafin yakan ratsa ya shiga jini, jini kuma ya kai shi ƙoda.

Kowane mutum yana da ƙoda biyu a bayansa, dama da hagu, sama kaɗan da ƙugu. Aikinsu tace jini dare da rana. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, kamar ramukan rariya. Suna barin jini mai kyau ya koma jiki. Dattin jini da ruwan da ya yi yawa su kuma su fita a fitsari.

Idan dafin ya isa wurin yakan ɓata bangon ƙananan jijiyoyin jini da ke cikin matatan. Sai jini ya riƙa daskarewa gudaji-gudaji yana toshe su. Daga nan abubuwa uku suke faruwa.

Na ɗaya, matatan sun toshe, ƙoda ta kasa aiki. Fitsari ya ragu ko ya tsaya. Ruwa da datti su taru a jiki, yaro ya kumbura.

Na biyu, jajayen ƙwayoyin jini suna farfashewa wajen kutsawa ta jijiyoyin da suka ƙuntata. Jinin yaro ya ragu cikin 'yan kwanaki, ya yi fari fat.

Na uku, ƙwayoyin da ke tsayar da jini idan mutum ya ji rauni suna ƙarewa. Sai a ga tabo-tabo a fatar yaro kamar an buge shi, ko ya yi haɓo, ko dasashinsa ya yi jini.

Likitoci sun taƙaita sunan wannan hali da haruffa uku, wato HUS. Wani likita a ƙasar Suwizalan mai suna Conrad Gasser shi ya fara bayyana shi a shekarar 1955. A shekarar 1983 kuma wani likita a Kanada, Mohamed Karmali, shi da abokan aikinsa suka nuna cewa dafin I-kolai ne ke jawo shi.

A cikin mutum 100 da muguwar I-kolai ta kama, kimanin 5 zuwa 10 ne kan shiga wannan hali. Ƙananan yara da tsofaffi su suka fi shiga. A inda ake da asibiti mai kayan aiki, a cikin 100 da suka shiga halin 3 zuwa 5 sukan rasu. Inda asibiti yake da nisa, ko aka yi jinkirin zuwa, asarar takan fi haka.

TA INA TAKE SHIGOWA GIDA?

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wannan ƙwaya hanyarta ɗaya ce: daga kashi zuwa baki. Amma ƙofofin da take bi guda biyar ne. Abin da ya faru a wasu ƙasashe zai nuna mana kowace ƙofa.

1. Nama. Wajen fiɗa, idan wuƙa ta huda hanji ko tumbi, ko aka ajiye nama a ƙasa inda kashi yake, ƙwayar takan hau naman. Idan tsoka ce guda, ƙwayar tana bisa jikinta, wuta kuma takan kashe ta. Amma idan aka niƙa naman ko aka daddatsa shi, ta shige ciki ke nan. A shekarar 1993 a Amurka mutum fiye da 700 suka kamu bayan sun ci niƙaƙƙen naman shanu a cikin burodi a shagunan wani kamfanin sayar da abinci. Bayan naman ya gasu, amma tsakiyarsa da saura. Yara 4 suka rasu.

2. Ruwa. A shekarar 2000, a wani ƙaramin gari mai suna Walkerton a ƙasar Kanada, an yi ruwan sama mai yawa. Ruwan ya kwashi kashin shanu daga wata gona ya kai shi cikin rijiyar da ake ba garin ruwa. Mutum kimanin 2,300 suka kwanta, 7 suka rasu. Mutanen garin duka ba su wuce 5,000 ba.

A nan Afirka ma an gani. A shekarar 1992 an yi fari mai tsanani a ƙasar Suwazilan, wadda yanzu ake kira Eswatini, can kudancin Afirka. Shanu suka taru a bakin ɗan ruwan da ya rage, wasu suka mutu a wurin. Da ruwan sama ya sauka sai ya wanke kashinsu zuwa cikin rafukan da mutane ke sha. A cikin watannin Oktoba da Nuwamba kaɗai, asibitocin ƙasar sun duba masu gudawa sau fiye da 40,000.

Kusa da mu kuma, a yankin Ngoila da ke gabashin Kamaru, daga ƙarshen 1997 zuwa watan Afrilu na 1998 mutum 298 suka yi gudawa mai jini. Kimanin ɗaya cikin kowane shida ya rasu. Da aka gwada kashin majinyatan an sami Shigela, an kuma sami muguwar I-kolai.

3. Ganye da kayan lambu. Duk abin da ake ci ɗanye yana iya ɗaukar ƙwayar idan an zuba masa sabon taki ko an yi masa ban-ruwa da ruwa mai datti. A shekarar 2011 a Jamus mutum kusan 4,000 suka kamu, fiye da 50 suka rasu. Da aka bi sawu sai aka tarar tsiron hulba ne da suke ci ɗanye. A wurinmu latas da kabeji da karas da tumatir da yalo su ne abin lura.

4. Madara da nono. Wajen tatsa, kashin da ke jikin hantsa ko a hannun mai tatsa yana iya faɗawa cikin ƙwarya. Wasu suna zaton tsami yana kashe kowace irin cuta. Wannan ƙwaya tana jure tsami. Tafasawa ce take kashe ta.

5. Hannu. Yaron da ya kamu yakan ci gaba da fitar da ƙwayar a kashinsa ko bayan ya warke, wani lokaci har makonni. Uwa ta wanke masa, ta ɗauraye hannu da ruwa kawai, ta koma dama fura. Ta haka cutar take zagaya gida. Haka kuma yaro mai rarrafe a tsakar gida inda aka ɗaure dabbobi, duk abin da ya taɓa bakinsa zai kai.

Kada mai karatu ya ce wannan ciwon Turawa ne. Masu bincike a jami'o'in Nijeriya sun sami wannan ƙwaya a kashin shanu da ɗanyen nama da nono a ƙasar nan. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Mu da muke kwana da dabbobi a gida ɗaya, muke shan ruwa ɗaya da su da rani, mu ya fi kamata mu kula.

ABIN DA ZA A YI RANAR DA AKA GA JINI

Jini a kashin yaro ba haƙori ba ne. Fitar haƙori ba ta sa yaro kashin jini. Kada kuma a ce basir ne ko ɗankanoma a zauna ana jiƙe-jiƙe. A kai shi asibiti mafi kusa a ranar, ko da na sha-ka-tafi ne.

Kafin a isa, da kuma bayan an dawo, ga abin da za a yi:

A ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti, wanda ake kira ORS. A duba jikin fakitin a ga yawan ruwan da aka ce. Yawanci lita ɗaya ce ta ruwa mai tsabta. Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi rubu'in kofi zuwa rabin kofi duk lokacin da ya yi gudawa. Wanda ya wuce haka a ba shi rabin kofi zuwa kofi ɗaya. A riƙa ba shi da cokali kaɗan-kaɗan. Idan ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo.

Idan babu fakiti, a sami lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce. A zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada gishirin ya wuce haka.

A ci gaba da ba shi nonon uwa. Kada a hana shi abinci. Kunu da fate da tuwo mai laushi duk suna da kyau.

A tambayi malamin asibiti ƙwayar zinki. Ana shan ta kullum har kwana 10 zuwa 14.

ABIN DA BA ZA A YI BA

Kada a sayi maganin tsayar da gudawa. Wannan magani yana tsayar da motsin hanji ne. Idan hanji ya tsaya, ƙwayar da dafinta sun sami wurin zama ke nan. Ba a ba ƙananan yara shi sam.

Kada a je kemis ko wurin mai tallar magani a kasuwa a ce a ba da kafso. Ga dalili. Idan atunin Shigela ne, akwai maganin kashe ƙwayoyin cuta da ya dace da shi, kuma yaro yana bukatarsa. Amma idan muguwar I-kolai ce, wasu daga cikin irin waɗannan magunguna suna sa ta ƙara zubar da dafi, haɗarin ƙoda ya ƙaru. Uwa ba za ta iya bambanta su da ido ba, mai talla ma haka. Aikin ma'aikacin lafiya ne ya duba yaron ya zaɓi magani. In ya rubuta, a sha yadda ya ce har ya ƙare. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Kada a ba yaron magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin. Suna ƙara wa ƙoda nauyi a lokacin da take fama. Idan akwai zazzaɓi, farasitamol ya isa, gwargwadon shekarunsa.

Kada a ɗura masa kanwa ko jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba. Duk abin da ya shiga jiki ƙoda ce za ta tace shi.

MAKO BIYU NA SA IDO

Wannan shi ne babban saƙonmu. Daga ranar da gudawa ta fara a ƙirga kwana 14. A cikin waɗannan kwanaki, ko da gudawar ta tsaya, uwa ta riƙa duba abubuwa biyar kullum safe da yamma:

1. Fitsari. Sau nawa ya yi yau? Ya kai yadda ya saba? Idan yaro ya wuni daga safe har la'asar bai yi fitsari ba, ko ya kwana ya tashi shimfiɗarsa a bushe alhali ya saba jiƙa ta, wannan alama ce. Haka idan fitsarin ya yi duhu kamar ruwan shayi, ko ya yi ja.

2. Ido da tafin hannu. A ja fatar ido ta ƙasa a hankali a duba cikinta. Ta mai lafiya ja ce. Idan ta yi fari, jini ya ragu. A gwada tafin hannunsa da na wani yaro mai lafiya.

3. Kumburi. A duba fatar ido da safe, da fuska, da ƙafafu. Kumburi bayan gudawa ba ƙiba ba ce.

4. Fata. A duba ko akwai tabo ko ɗigo-ɗigon jini a ƙarƙashin fata ba tare da ya faɗi ba.

5. Hali. Yawan barci, rashin kuzari, fushi da kuka ba dalili, ko rashin gane mutane. Idan ya kai ga jijjiga ko suma, abin ya yi tsanani.

Akwai bambanci tsakanin yaron da ruwan jikinsa ya ƙare da wanda ƙodarsa ta tsaya. Wanda ruwan jikinsa ya ƙare idanunsa sukan faɗa, bakinsa ya bushe. In ya sha ruwan gishiri da sukari sosai fitsari yakan dawo. Wanda ƙodarsa ta tsaya kuwa yana sha amma ba fitsari, sai kumburi. Irin wannan yaro ba a ci gaba da ɗura masa ruwa a gida. Sai babban asibiti, ba tare da an jira gari ya waye ba.

Maigida, wannan aikinka ne kai ma. Tun ranar da aka ga jini ka tanadi kuɗin mota, ka san wanda zai kai ku ko da tsakar dare ne. In tafiya ta kama ka, ka bar izini a gida cewa a kai yaro asibiti ba sai an jira ka ba.

ME ZA A YI MASA A ASIBITI?

Da kun isa ku gaya wa likita cewa yaron ya yi gudawa mai jini, ku faɗi ranar da ta fara. Ku faɗi duk maganin da aka ba shi, na kemis da na gargajiya. In da hali ku tafi da kwalin maganin. Wannan bayani yana da muhimmanci, domin zazzaɓin cizon sauro ma yana sa yaro ya yi fari, fitsarinsa ya yi duhu. Gwajin jini da na fitsari ne zai raba gardama.

Har yanzu babu maganin da ke karya wannan dafi. Abin da likitoci suke yi shi ne su tallafi jikin yaro har ƙodar ta farfaɗo da kanta. Za su auna ruwan da ke shiga jikinsa da wanda ke fita. Za su duba hawan jini. In jininsa ya yi ƙasa sosai za a ƙara masa. In ƙodar ta tsaya cik za a yi masa wankin ƙoda na wasu kwanaki ko makonni. Ana yin wankin ƙoda a manyan asibitocin koyarwa, irin na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri.

Kada jin sunan wankin ƙoda ya sa iyaye su fid da rai. A wannan cuta yawancin yaran da aka kai da wuri ƙodarsu takan dawo aiki. Sai dai wasu sukan fita da rauni a ƙoda ko hawan jini, wanda ba ya nunawa sai bayan shekaru. Don haka yaron da ya taɓa shiga wannan hali a riƙa mayar da shi ana auna jininsa da fitsarinsa kamar yadda likita ya ce, ko da ana ganin lafiyarsa ƙalau.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Wankin ƙoda yana da tsada, asibitinsa kuma yana da nisa. Abin da zai hana a kai ga haka kuwa yana cikin gidanmu: wuta da sabulu da shinge.

Nama. A dafa shi ya dahu har ciki. Zafin digiri 70 yana kashe ƙwayar. A gida alamar ita ce a yanka tsakiyar naman a ga babu ja, ruwansa kuma ba jini. Tsire ko balangun da za a ba yaro a sa mai nama ya mayar da shi kan wuta ya yi zafi sosai. Shanya nama a rana kaɗai ba ta kashe ƙwayar, sanyin firji ma haka. Wuƙa da faranti da tabarmar da ɗanyen nama ya taɓa a wanke su da sabulu kafin su taɓa abin da za a ci. A lokacin layya ko suna, a ware wurin wanke kayan ciki nesa da wurin girki, kuma a hana ƙananan yara wasa a wurin.

Mahauta. A rataye dabba wajen fiɗa ko a shimfiɗa abu mai tsabta. A cire hanji da tumbi a hankali kada su fashe a kan nama. Kada a wanke nama da ruwan da aka wanke kayan ciki.

Madara. Mai tatsa ta wanke hannu da hantsar saniya da ƙwarya. A tafasa madara kafin a sha, kuma kafin a ajiye ta ta zama nono ko kindirmo. Kada a ba ƙaramin yaro madarar da aka tatso yanzu ba a tafasa ba. Ruwan da za a dama fura da shi ya zama na sha mai tsabta.

Ruwa. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi. A rataye guga, kada a yar da shi a ƙasa. A yi wa dabbobi wurin shan ruwa can gefe. Turken dabbobi da masai su yi nisa da rijiya, aƙalla mita 30, kamar taku 40 na babban mutum, kuma kada su kasance ta inda ruwan sama yake gangarowa. Ruwan rafi ko tafki ko kududdufi a tafasa shi kafin yara su sha, musamman a farkon damina. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. A rufe randa, a ware mata moɗa ɗaya.

Lambu. A bar taki ya ruɓe sosai kafin a kai shi lambu. A Amurka ƙa'idar da aka sa wa masu noma da takin gargajiya ita ce a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa. Wata 4 ke nan. A gida a wanke kayan lambu da ruwa mai tsabta ganye-ganye. Abin da ake ferewa a fere. Ga ƙananan yara dafaffen ganye ya fi ɗanye.

Hannu. A wanke da sabulu bayan an fito daga bayan gida, bayan an wanke wa yaro, bayan an taɓa dabba ko taki ko ɗanyen nama, da kafin girki da cin abinci. In babu sabulu a yi amfani da toka. A zuba ruwa da buta, kada kowa ya tsoma hannu a kwano ɗaya. A yanke wa yara farce.

Tsakar gida. A yi wa dabbobi shinge, a share kashinsu kullum. A shimfiɗa wa mai rarrafe tabarma nesa da turke. Kashin yaro a zuba shi a masai, kada a watsa shi bayan gida ko kan juji. Yaron da ke gudawa a ware masa kwano da kofi, kada ya ci da sauran yara, kada kuma ya je makaranta ko wanka a rafi sai ya warke.

Idan aka ga mutum biyu ko uku a unguwa ɗaya suna gudawa mai jini a lokaci guda, a sanar da mai unguwa da malamin asibiti nan da nan. Wataƙila rijiya ɗaya ce ko abinci ɗaya, kuma gano shi da wuri zai ceci sauran gidaje.

A TUNA

Jini a kashin yaro, asibiti a ranar.

Ba maganin tsayar da gudawa, ba kafson kasuwa.

Tsayawar gudawa ba ita ce warkewa ba. A ƙirga kwana 14 ana duba fitsari da ido da kumburi.

Yaron da yake sha ba ya fitsari, a kai shi babban asibiti ko da dare ne.

Allah ya raya mana yaranmu cikin ƙoshin lafiya, amin.